Wahayin Yahaya da masu ƙidayar ranaku

Littafin da ya rufe Littafi Mai Tsarki suna biyu gare shi a Hausa. Wata fassarar ta ce Wahayin Yahaya, wata ta ce Ru'uya ta Yohanna. Ni na fi son na biyun, domin ru'uya abin da aka gani ne, littafin kuwa cike yake da abubuwan gani: dawakai huɗu, ƙahoni bakwai, dabba mai kai bakwai tana fitowa daga teku. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi fice a kansa, surorin nan 22 suke hannun masu karatu. Har yau kuwa babu littafin da ake ja-in-ja da ma'anarsa kamarsa.

Akwai masu karanta shi kamar kalanda. Kowace annoba, kowane yaƙi, sai su ce ga ayarsa. A 2020 mun ga yadda lambar 666 ta yi ta yawo a WhatsApp, ana liƙa ta ga allurar korona da 5G. Wannan ba sabon abu ba ne. A Amurka, mabiyan William Miller (ba likitan Zariya ba) sun jira 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye musu kamar kullum. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, ita ma ta wuce. A nan gida, a 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77 daga ɗakin ƙasa na wata majami'a a Ondo, ciki har da yara, an ce suna jiran a fyauce su zuwa sama. Duk wannan kuwa bayan Yesu da kansa, a Matiyu sura 24, ya nuna cewa ranar ba a san ta ba.

Mai shakka ya ga haka sai ya yi dariya ya ce ai tatsuniya ce. Yana da hujja a kan masu ƙidaya, amma littafin bai karanta ba.

A duba yadda ya fara. Wasiƙa ce daga mutumin da ke tsare a tsibirin Batmusa, zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da ke ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, irin su Afisa da Lawudikiya. Galibin masana na ganin an rubuta ta wajen shekara ta 95, zamanin Sarki Domitiyan na Roma. Masu karɓarta tsiraru ne a cikin manyan birane, a tsorace suke. Shi ya sa marubucin yake magana da habaici, kamar yadda mawaƙin fada ke zambo ba ya kama suna. Babila mai tuddai bakwai, wa bai san Roma ce ba? Ita 666 ɗin ma, idan aka rubuta sunan Kaisar Nero da haruffan Ibrananci aka lissafa, ita ke fitowa. Inda alƙalaminsa ya fi kaifi a wajena shi ne sura 18: ya jera hajar 'yan kasuwar birnin, zinariya, siliki, kayan ƙanshi, dabbobi, sai a can ƙarshe ya ambaci bayi, bayan tumaki da dawakai. Jerin kawai ya isa hukunci.

Wanda ya san Hayin Banki ba ya buƙatar a fassara masa tsoron tsiraru. Kafin rikicin Fabrairun 2000, nan da Kawo a cakuɗe ake zaune. Bayan wancan, da na Nuwamban 2002, Kiristoci da yawa suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi, Musulmin can kuma suka dawo arewa. Kiristan da ya rage a wannan gefe, in ya ce yana jiran dawowar Almasihu, ba lallai rana yake ƙirgawa ba. Cewa yake yi jinin da aka zubar akwai mai tambayarsa. Maƙwabcinsa Musulmi kuwa ba baƙon zancen ba ne, shi ma ya tashi da labarin Dujal, da Yajuju da Majuju, da saukowar Annabi Isa.

Ba na cewa littafin ba shi da hatsari. Yarensa na fushi ne, jini ya yi yawa a tsakiyarsa, kuma ya raba duniya gida biyu ba tsaka-tsaki. A garin da kogi ya riga ya raba, mai wa'azi marar hankali zai iya nuna ƙetare ya ce ga Babila can. An yi wa littafin haka a wurare da dama, kuma sassaƙarsa ta ba da ƙofa.

Sai dai masu irin wannan wa'azi ba kasafai suke kai wa surori biyu na ƙarshe ba. A can marubucin ya ga birni wanda ba a rufe ƙofofinsa. Shi ma kogi ya ratsa shi, da itace a kowane gefe, ganyensa kuma magani ne ga al'ummai, ba ga al'umma guda ba.