Kafin a kai kwamfuta asibitin Jibiya, wa zai riƙe sirrin mara lafiya?

Mai karatu, ka ɗauka kai ne ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a Magama, bakin iyakar Jibiya. An kawo maka matashi ɗan acaɓa, ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ka san yawan shan tramadol na jawo haka, don haka dole ka tambaye shi. To amma ga kwamfutar hannu a gabanka, kuma ya ga duk abin da ya faɗa kana shigarwa. Kana jin zai gaya maka gaskiya?

Ni dai ba na jin zai faɗa. A nan nake da ja da masu ganin da zarar an raba kwamfuta, ƙananan asibitoci sun gyaru.

Ba wai tambayar ce ba ta da amfani ba. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ’yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su tramadol da kodin suka sha ba da umarnin likita ba, kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin tambayoyi takwas mai suna ASSIST, wanda ake gamawa cikin kamar minti goma, an kuma tsara shi ne don irin waɗannan asibitocin.

Matsalar farko, tsoro. A dokar NDLEA, ta'ammali da ƙwaya laifi ne, Jibiya kuwa gari ne na shingayen jami'an tsaro. Shi mara lafiya ina zai san inda bayaninsa zai tsaya? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake bai wa kariya ta musamman, amma takardar doka ba ta hana ma'aikata biyar amfani da lambar sirri guda. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ita ma kwamfutar sai an koya mata haka. In ba haka ba, kowa zai ce "a'a, ba na sha", mu kuma mu tara alƙaluman ƙarya mu ce Jibiya lafiya lau.

Ta biyu, kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A ɓangarensa na inshora, ana biyan asibiti ne gwargwadon yawan waɗanda aka yi wa rajista a cikinsa. A nan kam kwamfuta za ta yi rana, don za ta rage sunayen bogi da rasit na aljihu. Sai dai fa wanda ya tsallako daga Ɗan Isa ko Maraɗi ba ya cikin wannan rajista, daga aljihunsa zai biya. Idan aka sa wa tambayoyin ƙwaya farashi daban, ba mai saye. Idan kuma aka rubuta su a rasit, mai karɓar kuɗi da ɗan rakiya sun ji sirrin ke nan. Kamata ya yi su shiga cikin duba na yau da kullum, kyauta, kamar awon jini, a kuma yi wa kowa, ba sai wanda aka ga idonsa ya yi ja ba.

Ta uku, ita kanta na'urar. Manhajar DHIS2 da Najeriya ke tattara bayanan lafiya da ita, galibi jimillar wata take karɓa daga ƙananan asibitoci: mutum nawa suka zo, nawa ke da zazzaɓin cizon sauro. Wannan daban yake da katin mutum guda da zai nuna wa ungozoma cewa mai cikin da ke gabanta tana shan kodin. Sannan ka tuna, a Satumban 2021 an katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda ’yan bindiga, har tsawon watanni. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet, ranar da aka fi bukatarta za ta kwanta.

Sai tambayar da ta fi duka nauyi: in yaron ya ce "eh, ina sha", me za ka yi masa? Mai matsakaicin haɗari, gajeriyar nasiha daga ma'aikacin da aka horar tana taimakonsa. Wanda abin ya kama sosai kuwa sai an tura shi wurin ƙwararru a Katsina ko Kaduna, ga kuɗin mota, ga halin hanya. Tambaya ba tare da wannan tanadi ba tonon asiri ne kawai.

Don haka in ka ji an zo ƙaddamar da kwamfutoci a asibitin unguwarku, ka tambayi shugaban asibitin ko kwamitin lafiya na mazaɓa abu uku: wa ke iya buɗe katina, me zai fito a rasit, kuma ina za a tura wanda ya faɗi gaskiya?