Jinjina ga Masu Gyaran Sadarwar Gida

Ina jinjina wa masu gyaran da ke sa kwamfutocin gida su ji maganar juna. Daga falo ka umarci ta ɗaki ta kashe kanta, Windows ta ƙi, ta jefo maka lamba. Kai ba ka gane komai ba, shi kuwa mai gyara ya karanta: 5 rashin izini ne, 53 kuwa hanya ce ta ɓace. Sai ya duba ko adireshi ya sauya bayan ɗauke wuta, ko katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 445. Wani lokaci ɓera ne ya ci waya, Allah ya saka wa mai gyara da alheri, har bayan kujera yake durƙusawa ya lalubo ta.