Kiɗan Wa Muke Ji? Nazarin Kiɗa a Finafinan Wasannin Kasada

1.0 Gabatarwa

A fagen dambe, kiɗa na ɗan wasa ne. Idan Ɗan Anace ya wasa Shago, Shago yana ji, tsimi ya motsa masa. A fim kuwa, sai an gama ɗaukar hoto ake ɗora kiɗa, don haka mai kasadar bai taɓa jin sa ba. Tambayar da wannan takarda za ta duba ita ce: halin wa kiɗan yake bayyanawa? Za a kwatanta finafinai biyu na hawan dutse.

2.0 Free Solo (2018)

Fim ɗin ya nuna yadda Alex Honnold ya hau dutsen El Capitan a Amurka a 2017 ba tare da igiya ba, tsayin kusan mita 900, cikin awa 3 da minti 56. Marco Beltrami da Brandon Roberts ne suka tsara kiɗan, har suka sami kyautar Emmy a 2019. Kiɗan ya ƙayatar, yana tsananta daidai wuraren haɗari. Sai dai akwai matsala. Fim ɗin da kansa ya nuna likitoci sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Honnold, suka ga sashen da ke motsa tsoro ba ya saurin tashi. Ke nan fargabar da kiɗan ke ɗauke da ita ta masu ɗaukar hoto ce, kamar wanda ya riƙa kau da kai daga kyamararsa, da kuma ta 'yan kallo. Natsuwar Honnold, wadda ita ce abin mamakin, a sautin numfashinsa ake jin ta, kiɗa kuwa yakan danne ta.

3.0 Touching the Void (2003)

A nan Kevin Macdonald ya kawo labarin Joe Simpson, wanda ya karye a ƙafa a dutsen Siula Grande na ƙasar Peru a 1985, abokin tafiyarsa ya yanke igiya, shi kuma ya yi ta jan ciki na kwanaki. Da ya galabaita, wata waƙar Boney M da ba ya ƙauna ta maƙale masa a ka. Macdonald ya sa waƙar a fim, ya jirkita sautinta, hoto yana juyawa. Waƙar rawa ce, ba ta dace da bakin mutuwa ba, amma rashin dacewar ne ya sa mai kallo ya ji yadda hankalin mutum ke gushewa.

4.0 Kammalawa

A ganina, Macdonald ya fi kusantar gaskiya, domin daga cikin kan mai kasadar kiɗansa ya fito. Ana son ɗalibi ya kalli hawan ƙarshe na Honnold sau biyu, da sauti da kuma babu sauti, sannan ya rubuta abin da kiɗan ya ƙara da abin da ya ɓoye.