Masu Ba da Waƙa a Ƙofar Mata

Wanda bai saba shiga filin ƙwallo ba, in ya ji rurin da ke tashi daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, sai ya ɗauka hayaniya ce kawai, kowa na ihun gabansa. Amma dubban mutane ba sa haɗa baki a kan kalma ɗaya, a daƙiƙa ɗaya, haka siddan. Akwai masu jan ragamar abin. 'Yan tsiraru ne, sunansu ba ya cikin takardar 'yan wasa, kyamara ba ta cika tsayawa a kansu ba. Wasu ma ba sa ganin rabin wasan da suka zo dominsa, saboda sun ba fili baya suna fuskantar jama'a. Su ne masu ba da waƙa da makaɗansu, kuma abin da suke yi sana'a ce mai ƙa'ida, ko da kuwa ba su taɓa zama sun tsara ƙa'idar da baki ba.

Matsala ta farko da ke gabansu ita ce nisa. Sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, tsawon filin ƙwallo kuwa ya kai mita 105, ban da tazarar da ke tsakanin layi da wurin zaman 'yan kallo. Ke nan abin da aka rera a bayan wannan raga sai ya yi kusan sulusin daƙiƙa kafin ya isa kunnen na bayan waccan. A hira wannan ba komai ba ne. A waƙa kuwa ya isa ya ɓata komai: na can za su shigo a makare, na nan su ji su a makare su ma su ja baya, kafin a kai ƙarshen baiti an zama kasuwa. Gwanin fili bai san wannan lissafi da alƙaluma ba, amma kunnensa ya sani. Shi ya sa ba za ka ji ya ɗauko doguwar waƙa mai lanƙwashe-lanƙwashe ba. Gajeren jan baki yake yi, kalma biyu ko uku, ya bar gurbi, jama'a su cike. Ya kira sunan ƙungiya, dubbai su amsa masa da "Sai Masu Gida". Gurbin nan da ya bari shi ke haɗiye jinkirin sautin, har na nesa da na kusa su sauka tare.

A wasu ƙasashen ma an gano wannan dabara. Masu tsananin goyon baya a Italiya da Jamus, da na Al Ahly a Masar a da, kan ɗora mutum ɗaya a kan dandamali da lasifika a hannu yana ba da umarni. Bambancin shi ne mai ba da waƙa a Kano ba ya buƙatar koya wa jama'arsa amshi, domin da shi suka tashi. Yarinya ta yi shi a dandalin gaɗa, yaro ya yi shi a tashe cikin azumi, dukansu sun yi shi a Islamiyya, malam ya ja baƙi su maimaita. Wanda ya taɓa bin Maukibin Ƙadiriyya ya san yadda bandiri ke riƙe dubban mutane a kan numfashi ɗaya. Manomi ya san yadda gangar noma ke jera fartanyoyi a gayya. Duk wannan tarbiyyar kunne ce ake shigowa da ita fili tare da tikiti.

Amma dangin da suka fi kusa da wannan sana'a suna fagen dambe. A can ne Bahaushe ya ƙware wajen zuga mutumin da ke tsakiyar fage yana neman karaya. Marigayi mawaƙi Muhammadu Bawa Ɗan Anace bai taɓa kai wa kowa naushi a madadin ɗan dambe Shago ba, amma duk wanda ya san tarihin dambe ya san rabon muryarsa a cikin sunan da Shago ya yi. Kowane ɗan dambe da takensa. Da an kaɗa, ko yana bayan fage yana ɗaure hannu, jikinsa ya ɗau tsuma. Wannan hikimar ce ta ƙaura zuwa filin ƙwallo. Ɗan wasa irin Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ya shafe shekaru yana jin filin nan na amsa sunansa duk sa'ad da ya ajiye ƙwallo zai buga bugun tazara. Sunan da ake kira a lokacin zuga ne gare shi, kuma gargaɗi ne ga mai tsaron gidan baƙi.

A dubi mai kalangu da kyau in an samu zama kusa da shi. Kalangun na rataye a kafaɗa, ya danne shi a hammata, makaɗi mai lanƙwasa a hannu ɗaya, yatsun ɗaya hannun na kan igiyoyin fatar da suka haɗa bakin nan da wancan. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Da haka yake bin hawa da saukar harshen Hausa har kalangun ya faɗi suna, mai kunne ya gane wa ake kira. Sai dai muryar kalangu siririya ce, ba ta ƙetare fili. Don haka akwai babbar ganga a gefensa wadda aikinta ɗaya ne tak, ta riƙe bugu kada ya gudu. Kuma gudu yake son yi, domin taro in ya ji daɗi sauri yake ƙarawa, tafi ya dinga matsewa har ya tarwatse. Mai babbar ganga mutum ne mai taurin kai. Kowa na rugawa, shi yana nan a inda ya fara, gumi na zuba, idonsa a kan hannun mai ba da waƙa. In hannun ya sauka, shi ma ya tsaya cak. Masu busa ƙaho su ne ado, su kan shigo a kan gaɓa su fita. A nan ne na ke ganin vuvuzela, wadda duniya ta sani a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, ta yi wa sana'ar ɓarna. Ƙara gare ta, amma ba ta da gaɓa, ba ta barin gurbin amshi, kuma kowa na iya busa ta ba tare da ya saurari na kusa da shi ba.

Kiɗa da murya dai kayan aiki ne. Ainihin gwanintar tana wajen sanin lokaci. Ana take wasa ne da yamma bayan la'asar, amma masu waƙa sun daɗe a wurin, rana na dukansu, ruwan leda na zagayawa. Sabon shiga ya kan ƙone muryarsa tun kafin a busa, minti ashirin da farawa ya koma magana da hannu. Gwani kuwa tattalin maƙogwaro yake yi kamar mai cefane da kuɗin wata. Ya san mintunan farko na tsorata baƙi ne, sai ya buɗe wuta. Da wasa ya lafa, ana 'yar ba-ni-in-ba-ka a tsakiya, sai ya sassauta ya bar ganga ita kaɗai tana tafiya a hankali, jama'a su huta, su yi gardamar wa ya kamata koci ya cire. In aka samu kwana, ya ɗaga hannu tun ƙwallo ba ta kai kusurwa ba, don rurin ya cika daidai lokacin da take sama. In ɗan gida ne zai buga fanareti, a yi tsit. In baƙo ne, fito da ihu su hana shi jin tunanin kansa.

Inda ake gane gwani da gaske shi ne bayan an zura wa masu gida ƙwallo. Filin ya kan mutu na ɗan lokaci, har ka ji muryar 'yan wasan baƙi suna murna. Shirun nan yana da haɗari, don abin da ya fara cike shi shi zai mallaki sauran wasan. In zagi ne ya riga, to zagi za a yi ta yi: a zagi gola, a zagi koci, a zagi alƙali, 'yan wasa su fara gudun karɓar ƙwallo don kada kuskure ya faɗo a kansu. Mai ba da waƙa yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. In ya yi gaggawa, ba wanda zai amsa masa, ya ji kunya a banza, kuma wanda aka bari shi kaɗai sau biyu ya rasa jama'arsa na ranar. In ya yi jinkiri, masu zagi sun riga shi. Sai ya jira daidai lokacin da aka mayar da ƙwallo tsakiya, ya ɗauko mafi sauƙin amshi da kowa ya sani, mutum goma na kusa da shi su karɓa, ɗari su bi, sannan ɓangaren ya ɗauka. Ni dai ban san wani abu a filin ƙwallo da ya fi wannan burge ni ba, har da cin ƙwallon kansa.

Shin abin na da tasiri a sakamako? Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ta kuma shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, tun daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1. Ba zan ɗora wannan duka a kan waƙa ba. Duk mai bin gasar Najeriya ya san baƙi kan iso ne bayan doguwar tafiyar mota, ya kuma san alƙalan wasa mutane ne masu son komawa gida lafiya. Amma annobar korona ta ba duniya damar gwajin da ba wanda ya shirya. Da gasar Jamus ta dawo a watan Mayun 2020 ba 'yan kallo, sauran ƙasashe suka biyo baya, an ga rinjayen masu gida ya ragu, an kuma ga alƙalai sun rage yawan katin da suke ɗaga wa baƙi. Filin bai canza ba, ciyawar ita ce, tafiyar ita ce. Muryoyin ne kawai babu.

Hausawan Sudan sun san wannan harka ta wata fuskar. Daga Maiurno a bakin Shuɗin Nilu zuwa Gadarif, da Fau da ke kan hanyar Madani inda ake gudanar da aikin noman rani na Rahad, da wuya ka sami majalisar da ba ta rabu biyu ba: masu shuɗi na Hilal da masu ja na Marikh, ƙungiyoyin Omdurman guda biyu. A can babbar gangar da ake kira nuba, wadda aka fi sani a da'irar zikirin 'yan ɗariƙa, ita ke riƙe bugu, tsarin kuma bai bambanta da namu ba, ɗaya ya ja, taro ya amsa. A 2009 ma hanyoyin sun haɗu. Bayan Pillars ta fitar da Al Ahly, an yi 1 da 1 a Najeriya da 2 da 2 a Alƙahira, sai ta faɗa rukuni ɗaya da Hilal da Marikh da ZESCO ta Zambiya a gasar zakarun Afirka, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Amma da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, manyan ƙungiyoyin Sudan biyu suka rasa gida. Har gasar Muritaniya suka shiga a kakar 2024 zuwa 2025 don kada ƙafafun 'yan wasa su yi sanyi. 'Yan wasa an iya ɗaukarsu a jirgi. Masu nuba da 'yan amshinsu kuwa yaƙi ya watsa su.

Akwai ɓangaren sana'ar da ba a cika yabawa ba, alhali ya fi ɗaga taro wuya, wato sauke shi. Mutumin da zai iya sa dubbai su tashi tsaye yana riƙe da abin da ka iya ƙwace masa. Zambo da habaici ga baƙi halal ne a fili, wani lokaci ma su ne gishirin ranar, in an iya su har 'yan wasan da ake yi dominsu sai sun murmusa. Amma tsakanin zambo da jifa tazarar ba ta da yawa, musamman in alƙali ya yanke hukuncin da jama'a ke ganin zalunci ne a mintin ƙarshe. A irin wannan lokaci za ka ga tsohon hannu ya yi wa mai ganga alama ya canza kiɗa zuwa wani abu mai raha, ko ya ɗauko sunan ɗan wasan da kowa ke so ya jefa, don bakunan da ke shirin zagi su sami abin faɗa, hannuwan da ke neman dutse su koma tafi. Ba kullum yake cin nasara ba. Bayan an mayar da filin Ƙofar Mata wurin killace masu korona a 2020, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Da ta dawo Kano a Afrilun 2022, wasanta da Katsina United ya ƙare da rikici, hukumar gasar ta ci ta tara ta kuma rage mata maki. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta samu dawowa.