BABI NA UKU: SHARHI A KAN YADDA AKE KOYAR DA KWAFA DA FASSARA A DARASIN GININ FUROTIN

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin matakan da ƙwayar halitta take bi wajen gina furotin. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan yadda ake koyar da waɗannan matakai ga ɗaliban Bayoloji a kwalejojin ilimi da kuma ajin farko na jami'a. Ra'ayin da za a yi ƙoƙarin kafawa shi ne cewa hanyar da aka saba bi tana fitar da ɗalibin da ya iya juya haruffa a kan takarda, amma bai san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta ba.

Kamar yadda aka yi tun daga farkon wannan kundi, an yi amfani da kalmar "kwafa" a matsayin sunan mataki na farko, inda ake samar da RNA ɗan aike daga DNA, sannan kalmar "fassara" a matsayin sunan mataki na biyu, inda raibosom yake bin RNA ɗan aike ya jera amino asid. An kira ƙaramin RNA da yake kai amino asid wurin raibosom da suna RNA ɗan dako. Haka kuma an bambanta "ƙwayar halitta", wadda ita ce ɗan ɗakin da jiki ya ginu da irinsa, da "ƙwayar gado", wadda yanki ce na DNA. Wannan bambanci ya zama dole domin a Hausar rediyo da jarida akan kira duka biyun ƙwayar halitta, kuma ɗalibi yakan shigo aji da wannan ruɗani.

3.1 Zanen Kibiya

Kusan duk littafin Bayoloji da mutum zai buɗe zai tarar da darasin ya fara da zane guda: DNA, sai kibiya, sai RNA, sai wata kibiya, sai furotin. Akan jingina wannan zane ga Francis Crick, wanda ya buga maƙalarsa a kan ginin furotin a shekarar 1958. To amma abin da Crick ya faɗa ya bambanta da abin da zanen yake nunawa. Manufarsa ita ce da zarar bayanin jerin haruffa ya shiga furotin, ba ya sake fitowa ya koma DNA ko RNA ko wani furotin. Zanen kibiya biyu a jere ya fi yaɗuwa ne ta hanyar littattafan koyarwa, musamman littafin James Watson na shekarar 1965. Shi ya sa lokacin da Howard Temin da David Baltimore suka gano a shekarar 1970 cewa wasu ƙwayoyin cuta suna yin DNA daga RNA, zanen ne ya sami tangarɗa, ra'ayin Crick bai girgiza ba. Ƙwayar cutar ƙanjamau tana cikin masu bin wannan hanya.

Babbar matsalar zanen a aji ita ce ma'anar kibiyar kanta. Ɗalibin da yake karanta Bayoloji yana karanta Kimistiri a lokaci guda, kuma a can an koya masa cewa kibiya tana nufin abin da ke hagu ya rikiɗe ya zama abin da ke dama. Ke nan idan ya ga kibiya tsakanin DNA da RNA, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka cewa DNA ɗin ne ya narke ya koma RNA, shi kuma RNA ya koma furotin. Wright da Fisk da Newman (2014) sun binciki wannan batu a tsakanin ɗaliban jami'a a Amurka, suka tarar da cewa da dama daga cikinsu haka suke fahimtar kibiyar. Idan ɗalibin da Ingilishi ne harshensa na gida ya faɗa wannan rami, ina ga wanda yake karatu da harshe na biyu, ga kuma sunayen matakan biyu, wato tiranskirifshin da tiransileshin, sun yi kama da juna a kunne?

Gaskiyar magana ita ce babu abin da yake rikiɗewa. DNA yana nan yadda yake bayan an gama kwafa. Wani inzayim mai suna RNA folimares ne yake buɗe silin DNA guda biyu, ya bi ɗaya daga ciki, ya harhaɗa sabon RNA daga tubalan da suke yawo a cikin cibiyar ƙwayar halitta. Haka nan amino asid ba daga RNA suke fitowa ba. Wasu jiki ne yake yin su, guda 9 daga cikin 20 kuma sai daga abinci ɗan Adam yake samunsu. Kibiyar ta ɓoye ma'aikaci, ta ɓoye kayan aiki, ta bar suna uku kawai.

A nan kalmar Hausa ta fi ta Ingilishi taimakon ɗalibi. Duk wanda ya san yadda almajirin ilimi yake aron littafin malaminsa ya kwafe da hannu ya san cewa asalin littafin ba ya raguwa, kuma tawada da takarda daga wani wuri suka zo. Sai dai misalin yana da iyaka. RNA ba ya maimaita haruffan silin da aka bi, abokan haruffan yake ɗauka: inda aka sami C sai a sa G, inda aka sami A sai a sa U. Saboda haka saƙon da ya fito yana kama ne da ɗaya silin da ba a bi ba, in ban da U da ya maye gurbin T. Tambayoyin aji da dama sukan ba ɗalibi layi ɗaya na DNA ba tare da an faɗa masa wane sili ba ne, ba a kuma nuna masa gefen 5' da gefen 3' ba. Irin wannan tambaya tana da amsa fiye da ɗaya, amma ɗaya kawai mai maki yake karɓa.

3.2 Wane ne Tafinta?

A ra'ayin mai wannan bincike, a mataki na biyu ne koyarwar ta fi rauni, kuma raunin ya faro ne daga kalmar "fassara". Ɗalibin da ya ji an ce fassara zai kawo a ransa wani mai hankali wanda ya ji harsuna biyu, ya fahimci ma'ana a ɗaya ya zuba ta a ɗayan. Zai kuma ɗauka cewa abin da aka fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ana iya mayar da shi Ingilishi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da raibosom. Abin da ke faruwa ya fi kama da aikin wayar tangaraho, inda kowace alama take da harafin da aka ajiye mata ba tare da la'akari da ma'ana ba. Akwai kodon 64, wato jerin haruffa uku uku. Guda 61 suna wakiltar amino asid, guda 3 kuma, wato UAA da UAG da UGA, alamar tsayawa ne. Tun da amino asid 20 ne kawai, dole wasu su sami kodon fiye da ɗaya. Liyusin shi kaɗai yana da guda 6. Don haka ko mutum ya san jerin amino asid na wani furotin, ba zai iya tantance ainihin haruffan RNA da suka samar da shi ba.

To idan an yarda a ci gaba da amfani da kalmar, tun da ta riga ta zauna, sai a yi tambaya: wane ne tafintan? Littattafai da yawa sukan ce RNA ɗan dako ne, wasu su ce raibosom. Duka biyun amsa ce rabi da rabi. Raibosom yana duba ko haruffa uku na ɗan dako, wato antikodon, sun dace da kodon na ɗan aike, amma ba ya duba kayan da ɗan dakon ya ɗauko. Shi kuma ɗan dako ba shi yake zaɓar kayansa ba. Akwai wasu inzayim kimanin 20, kowane amino asid da nasa, waɗanda aikinsu shi ne su gane amino asid, su gane ɗan dakon da ya dace da shi, su ɗora masa. A wurin waɗannan masu ɗora kaya ne harshen RNA da harshen furotin suke haɗuwa. Amma a littattafan matakin kwaleji sau da yawa layi ɗaya ake ba su, wani lokaci ma ba a ambatonsu.

Akwai gwajin da ya tabbatar da wannan tun shekarar 1962. Chapeville da abokan aikinsa sun ɗauki ɗan dakon da aka riga aka ɗora wa sistiyin, suka yi amfani da wani sinadari na nikel suka mayar da sistiyin ɗin alanin alhali yana kan ɗan dakon. Da aka saka shi cikin ginin furotin, sai alanin ya shiga gurbin da aka tanadar wa sistiyin. Raibosom bai lura ba. Wannan gwaji ba ya bukatar dogon lissafi, malami zai iya zana shi a kan allo cikin mintuna kaɗan, ya tambayi ɗalibai abin da suke zaton zai faru kafin ya faɗi sakamakon. Haka ma gwajin Nirenberg da Matthaei na shekarar 1961, wanda ya nuna cewa RNA mai harafin U zalla yana samar da jerin fenilalanin zalla. Rashin kawo irin waɗannan gwaje-gwaje shi ya sa ɗalibi yake kallon jadawalin kodon tamkar abin da aka saukar, ba abin da mutane suka gano ɗaya bayan ɗaya har zuwa shekarar 1966 ba.

Ya kamata a tsaya a kan wata dabara da ake yabawa ƙwarai, wato wasan kwaikwayo a aji. Akan raba wa ɗalibai matsayi: wannan DNA, wancan ɗan aike, wasu 'yan dako. Dabarar tana da amfani, musamman a kwalejin da ba ta da isassun kayan ɗakin gwaji, domin kwali da alli kawai take bukata. Sai dai a yadda aka saba shirya ta, ɗalibin da yake matsayin ɗan dako shi ne yake leƙa kodon, ya duba jadawali, ya je ya zaɓo amino asid da kansa. Ta haka wasan yake ƙara dasa kuskuren da ake son cirewa. Gyaran kuwa ba shi da wuya. A ware wasu ɗalibai a gefe guda su zama masu ɗora kaya, su ba kowane ɗan dako kayansa tun kafin ya ga saƙon, a kuma hana mai matsayin raibosom duba kayan. Daga nan malami zai iya sa a ɗora wa wani ɗan dako kayan da ba nasa ba da gangan, ajin ya ga abin da Chapeville ya gani.

3.3 Misalan da Ake Bayarwa

Haruffan da ake ba ɗalibai su juya yawancinsu ƙagaggu ne, ba na wata ƙwayar gado ta gaske ba. Wannan asara ce, domin akwai misalin da kusan kowane ɗalibi a Nijeriya ya san wani da ya shafa, wato cutar sikila ko amosanin jini. Saƙon da yake gina sarƙar bita ta furotin ɗin jini, wato himogulobin, yana farawa kamar haka: AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG. AUG alamar farawa ce, kuma metiyonin da yake kawowa ana cire shi daga baya, saboda haka GAG na farko shi ne yake ba da amino asid na 6 a cikin 146, wato gulutamik asid. Idan harafin tsakiya ya canza, GAG ya zama GUG, sai balin ya shiga wurin. Wannan canjin amino asid guda shi ne Vernon Ingram ya gano a shekarar 1957, kuma shi ne himogulobin S. Idan harafin farko ne ya canza, GAG ya zama AAG, sai laisin ya shiga, a sami himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Idan kuwa na ƙarshe ne, GAG ya zama GAA, babu abin da zai canza, domin shi ma gulutamik asid yake nufi.

Da kodon ɗaya ɗalibi ya ga sakamako iri uku, ya kuma gane abin da AS da SS da SC suke nufi a takardar gwajin da ake yi kafin aure. Misalin yana kuma buɗe ƙofar wani batu da zanen kibiya ya tsallake. Ƙwayar gadon sarƙar bita, wadda take kan kuromosom na 11, ta kasu yanki uku masu saƙo da yanki biyu da ake yankewa a zubar kafin ɗan aike ya fita daga cibiya. Roberts da Sharp ne suka gano irin wannan tsari a shekarar 1977. Ke nan abin da ya isa raibosom ba shi ne dukkan abin da aka kwafa ba.

Magunguna ma suna raba matakan biyu fiye da yadda haddar suna take yi. Rifamfisin da ake ba masu tarin fuka yana toshe RNA folimares na bakteriya, wato yana hana kwafa. Tetirasaikilin kuma yana hana ɗan dako zama a kan raibosom na bakteriya, wato yana hana fassara.

Abin da ya sa wannan batu ya wuce maganar cin jarrabawa shi ne ɗaliban kwalejin ilimi su ne za su koyar a makarantun sakandare, su ne kuma jama'ar unguwa suke tambaya. A shekarun 2020 da 2021, lokacin da aka fito da allurar rigakafin korona mai ɗauke da RNA ɗan aike, jita-jita ta yaɗu cewa allurar tana canza DNA na mutum. Malamin da kibiya kawai ya haddace ba shi da abin cewa. Wanda ya san cewa DNA yana cikin cibiya, shi kuwa RNA na allurar yana tsayawa a wajen cibiya inda raibosom suke, a karanta shi sannan inzayim su wargaza shi, yana da amsar da zai bayar. Tambayar jarrabawa da za ta auna wannan fahimta ba ita ce "juya waɗannan haruffa" ba. Ita ce a ba ɗalibi ƙwayar halittar da aka toshe wa RNA folimares, a tambaye shi ko ginin furotin zai tsaya nan take ko sai bayan wani lokaci, ya kuma faɗi dalili.