Masu Riƙe Linzamin Iska

Duk wanda Allah ya nufa ya ziyarci Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina lokacin bazara ya san sanyin nan da ke fitowa daga gindin ginshiƙai, alhali a waje rana tana ƙuna sama da digiri 40. Tashar da ke sanyaya ruwan wannan aiki tana da nisan kusan kilomita 7 daga masallacin, ruwan kuma ta ƙarƙashin ƙasa yake biyo bututu. Idan ya iso sai ya shiga wasu manyan akwatunan ƙarfe, irin waɗanda ake ɓoyewa a ƙasan kowane babban gini ko a kan rufinsa. A nan ne ake sarrafa iskar da jama'a ke shaƙa.

Cikin akwatin babu wani abin mamaki. Akwai ƙofofi masu faranti da ke shigo da iskar waje su gauraya ta da wadda ta dawo daga ɗakuna, sai matata mai tare ƙura, sai naɗin bututun jan ƙarfe da ruwa mai sanyin digiri 6 ko 7 ke zagayawa a ciki, sai ƙatuwar fanka da ke tura iskar, galibi tana kusan digiri 13. A ƙasashen sanyi ruwan zafi ke bin wani naɗin. Ƙarfe ne kawai, kowa da kuɗinsa zai saya. Gwanintar tana wurin wanda ya koya wa ƙarfen nan sanin daidai.

Domin gini ba ya zama a hali ɗaya. Mutum yana zaune kurum jikinsa na fitar da zafin da ya kai wat 100. A tara mutum dubu, an kunna murhu mai kilowat 100 ke nan. Zauren da ya cika maƙil da azahar zai iya zama wayam bayan awa guda, rana kuma ta bar bangon gabas ta koma na yamma. Don haka ake dasa na'urorin auna zafi da laima a cikin bututu da ɗakuna, suna kai rahoto ga wata 'yar kwamfuta. Ita kuma ta gwada abin da ta ji da abin da aka umarce ta, ta aika wa bawul ɗin ruwa saƙo da lantarki tsakanin bolt 0 zuwa 10: a kulle, a buɗe kaɗan, a buɗe duka.

Da sauƙin faɗa. Matsalar ita ce zafi ba ya amsa kira nan take. Ka buɗe bawul yanzu, sai bayan mintuna ɗaki ya ji. Kwamfutar da ba a saita da kyau ba takan yi irin ta mai gaggawar surka ruwan wanka: ya zuba na sanyi ya zarce, ya ƙara na zafi ya zarce, har bokiti ya cika bai dace ba. Haka bawul zai wuni yana buɗewa yana rufewa, mutanen ofis suna sa rigar sanyi suna cirewa, injin kuma yana cin kansa.

Maganin ya fito ne daga teku. A 1922 wani injiniya haifaffen Rasha, Nicolas Minorsky, ya wallafa nazarin da ya yi kan yadda gogaggen matuƙin jirgin ruwa ke riƙe sitiyari. Ya lura matuƙin yana duba abu uku: yawan kaucewar da jirgi ya yi daga hanya, tsawon lokacin da ya ɗauka a kauce, da saurin da kaucewar ke ƙaruwa ko raguwa. Lissafin da ke cikin kwamfutocin nan har gobe a kan wannan yake, ko da yake a harkar iskar gini yawanci biyun farko sun wadatar. Aikin mai saiti shi ne ya ba kowanne nauyinsa, kuma babu littafin da zai ba shi lambar, don kowane gini da halinsa. Za ka gan shi zaune a ɗakin inji, ƙara ta cika kunne, kwamfuta a cinya, ya zuba wa wani layi ido yana hawa yana sauka. Ya canza lamba ɗaya tak, ya naɗe hannu ya jira. Sai tudun layin ya fara kwantawa, kowane zagaye ya fi na baya laushi, har ya miƙe. Ni a ganina wannan jiran shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne abin da masu garaje ba sa iyawa.

Sauran dabarun duk ƙari ne a kan wannan. Idan iskar da mutane ke fitarwa ta taru a zaure, ƙofar waje ta ƙara buɗewa. Idan aka ji hayaƙi a bututu, fanka ta tsaya kada ta raba shi ɗaki-ɗaki. A ɗakin tiyata ana tura iska fiye da wadda ake janyewa, don kada ta waje ta kutso da ƙwayoyin cuta. A ɗakin killace mai tarin fuka kuwa akasin haka ake yi. Da hunturu, ƙura na toshe matata, ma'aunin matsin iska ne ke tona asiri tun kafin kowa ya koka.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi shafar duk mai ƙona dizal. Rage gudun fanka da kashi 20 cikin ɗari yana rage wutar da take sha da kusan rabi. Amma sau da yawa da zarar na'ura ta yi gardama sai a cire ta daga sarrafa kanta a mayar da ita hannu, komai ya yi ta gudu a ƙure dare da rana. Masu manyan otal-otal, asibitoci da ofisoshi a Kano, Abuja ko Yamai, kafin ku yi odar sabon inji, ku fara nemo mai saiti ya duba wanda kuke da shi.