Sunan Wuri a Matsayin Hujja: Tsokaci a kan Tarihin Ƙananan Garuruwa

1.0 Gabatarwa

Ƙungiyoyin raya gari sun daɗe suna naɗa kwamitocin binciken tarihi, su tattara bayanai daga bakin dattawa, su buga ɗan littafi. Aikin abin yabo ne, domin dattawan da ake ji daga bakinsu ƙarewa suke yi. Sai dai wannan maƙala tana ganin akwai rauni a hanyar da akan bi.

2.0 Inda Raunin Yake

Galibin littattafan sukan fara da wani jarumi da ya taso daga gabas, sannan su jero sarakuna da shekarun mulkinsu. Tun a 1970 Abdullahi Smith ya nuna cewa labarin Bayajida bai isa ya bayyana kafuwar daulolin ƙasar Hausa ba, Yusufu Bala Usman kuma ya faɗaɗa wannan ra'ayi a littafinsa kan Katsina na 1981. Duk da haka kwamitoci suna ɗinka wa kowane gari rigar Daura. Dalilin a fili yake: gidan sarauta ne madogararsu, kuma jerin sarakuna makami ne a rikicin gadon sarauta.

3.0 Misalin Durɓi ta Kusheyi

Wannan gari yana ƙasar Mani ta Jihar Katsina. Sunansa kaɗai hujja ce. Durɓi sarauta ce da ke komawa ga Durɓawa, waɗanda aka ce sun yi mulki kafin Korau, kusheyi kuwa jam'in kushewa ne, wato kabari. Palmer ya haƙa tuddan wurin a 1907, aka sake haƙawa a 1992, aka sami kaburburan manya da kayan zinariya da na hauren giwa. Ashe abin da harshe ya adana ƙasa ta gaskata shi.

4.0 Kammalawa

Ya kamata kowane kwamiti ya rubuta sunayen unguwanni, ƙofofi, rijiyoyi da marina, tare da kirarin masu sana'a, da karin sautinsu da tsawon wasulansu, kafin a canza musu suna. Maƙera, masaƙa da tsofaffin mata su ma a ji ta bakinsu. A nan ne masana harshe ke da hakki a wuyansu, domin in ba da sa hannunsu ba, tarihin gari zai ci gaba da zama tarihin gida ɗaya.